Kwanson harsashi ba kayan tsakar gida ba ne

Ya ku ƴan'uwa manoma da maharba na Bengu da kewaye, kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, an koma fadama wajen dankali da rake da rogo. Yanzu ne maharbi ke sauko da bindigarsa daga inda ya rataye ta. Wani zai nemi zomo da zabon daji da fakara. Wani kuwa garkarsa zai tsare daga ɓarnar birai da gyado. Harbi sana'a ce ta gado, ba mu zo don mu raina ta ba. Maganarmu ta yau a kan kwanson harsashi take, wato ɓawon nan da ke saura bayan an harba.

Harsashin kanti ya yi tsada. Shi ya sa maharbi ba ya yar da kwanso. Yana tsince shi, ya zuba a burgami, ya kawo gida don ya sake amfani da shi. Kafin nan sai ya gyara shi. Ya kankare baƙin da ke ciki da ƙusa. Ya goge gindin tagullar da toka ko rairayi. Wani ya jiƙa shi cikin ruwan tsamiya ko na lemun tsami har ya yi ƙyalli. Daga ƙarshe ya kai shi baki ya hure. To, a ina ake wannan aiki? A gindin bishiyar tsakar gida, kusa da turmi, kusa da randa, yara na zagaye suna kallo. Da wace tasa? Da wadda hannu ya fara kaiwa gare ta a madafa.

Ra'ayinmu shi ne, wannan aiki ya bar cikin gida. Ga dalili.

Mene ne baƙin da ke cikin kwanso?

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka tokar albarushi ce kawai. Ba ita kaɗai ba ce. A gindin kowane harsashi akwai ƴar hula wadda ke tada wutar. Yawancin irin wannan hula, haɗin da ke cikinta yana da dalma. Ƙwayoyin da ke fita su kashe dabba, su ma dalma ce. Idan an harba, ƙurar dalma mai laushi kamar garin kwalli tana manne wa kwanso ciki da waje. Mai kankarewa yana tada ta. Mai hurewa yana shaƙar ta, yana kuma lasar ta. Ruwan tsami kuwa yana narkar da ita, ta bi ruwan. Ruwan nan da ya yi baƙi-baƙi ko kore-kore cikin tasa, guba ce.

Bari mu tsaya kaɗan a kan kalmar dalma, don tana ruɗa mutane. Mukan ce tukunyar dalma, alhali ƙarfenta mara nauyi ne, sanholo ne. Dalmar da muke nufi ita ce mai nauyin nan mai taushi, wadda ƙusa ke yi wa zane ba wuya. Ita ce cikin batir na mota da na babur da na wutar rana. Ita ce masunta ke ɗaura wa bakin birgi don ya nutse.

Ga inda abin ya fi muni. Wanda ya wanke kwanso zai nemi dalmar da zai zuba a ciki. Sai a fasa tsohon batir, a zubar da ruwansa a ƙasa, a narka abin da ke ciki a kan murhu. Dalma ba ta da wuyar narkewa, wutar icce ta ishe ta. Hayaƙinta da tokarta suna sauka a kan ƙasa, da tabarmi, da kwanoni, da tsakin da aka shanya. Dalma ba ta ruɓewa kamar taki. Rana ba ta kashe ta, tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Inda ta zuba nan take zaune shekara da shekaru.

Yaro ne ke biyan bashin

Babba yana iya daɗewa yana wannan aiki bai kwanta ba. Sai ya ce ai ba komai. Amma ba shi ne ke rarrafe a ƙasa ba. Yaro ƙarami duk abin da ya taɓa baki yake kai shi. Ƙungiyar lafiya ta duniya, OMS, ta bayyana cewa idan yaro da babba suka haɗiye dalma daidai wa daida, jikin yaron yana ɗaukar ninki 4 zuwa 5 na abin da jikin babba ke ɗauka. In cikinsa ba abinci, ya fi ɗauka. Ƙungiyar ta kuma ce babu wani ɗan kaɗan na dalma da za a ce ba ya cutarwa.

Dalma tana shiga jini, ta hau ƙwaƙwalwa, ta taɓa hanta da ƙoda, ta ɓuya cikin ƙashi da haƙora. Yarinyar da ta kwashe ta yau tana iya ajiye ta cikin ƙashinta har ta yi aure. Ranar da ta ɗauki ciki sai dalmar ta fito ta koma jini, ta isa ga ɗan da ke cikin.

Idan gubar ta yi yawa, yaro yana ciwon ciki, yana amai, jininsa ya ragu, jikinsa ya mutu, daga nan sai jijjiga da suma. Iyaye su ce masassarar cizon sauro ce, ko sanƙarau, ko iska. A yi ta magani ba sauƙi. Idan kuwa kaɗan-kaɗan take shiga, ba a ganin komai. Yaron yana ci, yana wasa. Sai an kai shi makaranta, ko ta allo ko ta boko, a ga ba ya riƙe karatu. Malam ya yi duka, uba ya yi faɗa, a ce daƙiƙi ne. Alhali an sace masa basira tun yana goye, kuma basirar da dalma ta ci ba ta dawowa. A ganinmu wannan ya fi ban tausayi, don yaron zai girma ana ɗora masa laifin abin da ba shi ya yi ba.

Abin da ya faru ga maƙwabta

Ba tatsuniya muke yi ba. A watan Maris na 2010, likitocin ƙungiyar MSF suka tarar yara na mutuwa a wasu ƙauyukan jihar Zamfara, a Nijeriya. An ba su maganin masassara bai yi ba. Da aka auna jininsu sai aka ga dalma ce. Mutane sun samu dutse mai zinariya, amma cike yake da dalma. Suka riƙa kawo shi cikin gidaje ana daka, ana niƙa, ƙura na tashi. A ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Ƴargalma da Bagega, cikin ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, yara sama da 400 suka rasu. Dubbai suka kamu. Sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka zuba sabuwa kafin a samu sauƙi. A Bagega ba a yi wannan aiki ba sai 2013.

Kafin nan, a ƙasar Senegal, a unguwar Caroy kusa da Dakar, yara 18 sun rasu tsakanin watan Nuwamba na 2007 da watan Maris na 2008. Su ba zinariya ba ce ta ja musu. Tsofaffin batura ne. An daɗe ana fasa su a unguwar, ƙasa ta cika da dalma. Da dalma ta yi kuɗi, sai mutane suka riƙa kwaso ƙasar suna kai wa gida suna tankaɗewa.

Wani zai ce: mu ai ɗan kaɗan muke narkawa, ba mu kai Zamfara ba. Gaskiya ne, aikin maharbi guda bai kai na masu haƙar zinariya ba, kuma ba mu ce zai kashe ƙauye ba. Amma hanyar guda ce: an ɗauko dalma daga waje an kawo ta inda yara ke rarrafe. Wani kuma zai ce kakanninmu sun yi harbi ba su mutu ba. Kakanninmu da kwari da baka suka fi yin harbi, kuma a zamaninsu babu batir a kowane gida. Yau ga na babur, ga na wutar rana, in sun mutu suna nan jibge a bayan ɗaki.

Hatta man fetur, dā ana zuba masa dalma. Da aka ga illar hayaƙinta ga yara, ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina a farkon 2006. Aljeriya ce ta ƙarshe a duniya, a 2021. An raba mota da dalma, mu kuwa muna narka ta a murhun tuwo.

Fadamarmu ba ta ɓoye ruwa

Mu mutanen Bengu muna da wani dalili na daban. A cikin dallol muke. Ruwanmu a kusa yake, a wasu wurare in an haƙa kaɗan sai ga shi. Wannan albarka ce, ita ta ba mu dankali da rake da giginya. Amma ruwan da ke kusa da hannu yana kusa da ƙazanta. Wanda ya wanke kwanso a bakin rijiyar garka, ko ya zubar da ruwan batir a fadama, ya zuba shi ne inda ake shuka abinci, inda ake ɗiban ruwan sha.

Dabbobi ma ba su tsira ba. Saniya ba ta ƙin lasar fasasshen batir, maraƙi ya fi ta. Bayan ƴan kwanaki sai a ga yana dalalar da yawu, yana tauna haƙora, ya makance, yana tafiya yana karo da dangi, ya faɗi. Mai shi ya ce sammu ne. Kaji da agwagi suna tsattsage ƙwayoyin dalma da suka zube, suna zaton tsakuwa ce. Naman daji kuma, inda harsashi ya bi yana barin ɓurɓushin dalma da ido ba ya gani. A yanke wurin da faɗi a binne shi, kada a jefa wa kare. Mai ciki da ƙaramin yaro, gara a ba su kifi.

To, yaya za a yi?

Da farko, maganar hukuma. Riƙe bindiga sai da takarda. Harbi kuma yana da doka a ƙasarmu, ita ce doka mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, kuma ma'aikatan gandun daji ne ke kula da ita. A wannan zamani na rashin kwanciyar hankali a kan iyakoki, mutumin da aka samu da tarin kwanso ba takarda ya ja wa kansa tambayoyin da ba zai so ba.

Ga wanda ya cika ƙa'ida, ga shawararmu. Ya nemi wuri a bayan gari, a kan tudu, nesa da rijiya da garka. Ya ware tasa guda ta wannan aiki, ya yi mata alama, kada ta sake komawa madafa har abada. Kada ya kankare kwanso a bushe, kada ya hure shi da baki. Kada ya ci goro, ko ya sha taba, ko ya ci abinci yana cikin aikin. Ruwan wankin ya haƙa masa rami a can kan tudu ya rufe. In ya gama ya wanke hannu da sabulu, ya tuɓe rigar aikin a can, don ƙura tana bin tufa har gida, kuma ɗansa zai rugo ya rungume shi. Rigar nan kada a haɗa ta da wankin yara.

Narka batir kuwa, mu dai muna ganin a bar shi gaba ɗaya. Babu wata hanya ta yin sa lafiya da murhu da gwangwani. Batir in ya mutu a ajiye shi a rufe inda yaro da dabba ba sa kaiwa, kada a fasa, a mayar wa masu sayarwa yadda yake. Garin gyaran gira kada a rasa ido: abin da aka rage na kuɗin harsashi bai kai kuɗin motar kai yaro Dosso ba.

Iyaye mata, ku ne masu tsakar gida. Kuna da hakkin ku hana tasarku da murhunku. Inda aka taɓa narka dalma, kada a share wurin a bushe. A yayyafa ruwa, a kankare ƙasar sama a fitar da ita, a zuba sabuwa. A wanke wa yara hannu kafin cin abinci. A ba su wake da zogale da kifi da nono, don jikin da ya ƙoshi ya fi ƙin dalma. Kuma a hana yara tsintar kwanso a daji. Suna sa shi a baki suna busa kamar usur. Wani lokaci ma abin da suka tsinta bai tashi ba, in aka buga shi ko aka jefa shi wuta sai ya fashe. Yaron da ya ga irin wannan ya bar shi a nan, ya gaya wa babba, babba ya gaya wa maigari.

Idan yaro yana ciwon ciki da amai da jijjiga, a gaggauta kai shi gidan likita. A gaya wa likita gaskiya: a gidanmu ana wanke kwanso, ana narka dalma. Ba abin kunya ba ne, kuma shi ne zai sa ya yi tunanin wannan guba, don ba a tabbatar da ita sai da awon jini. Akwai maganin da ke janye dalma daga jiki. Amma a Zamfara likitoci sun ga cewa in yaro ya koma cikin ƙurar da ya baro, dalmar sai ta sake hawa. Saboda haka a gyara gidan tun yaron bai dawo ba.

Muna roƙon sarakunan maharba da masu gari na Bengu da Bana da Tunuga su zauna kan wannan magana tun farauta ba ta yi nisa ba. Kowane gari ya ware wuri guda a kan tudu don wannan aiki, a kewaye shi da ƙaya, a sanar a masallaci da kasuwa.