Araha Ba Ta Ado: Tsohuwar Kyanwa Da Matsalar Ƙaiƙayi

Bahaushe ya ba wannan dabba sunaye da dama. Wani ya ce kyanwa, wani mage, wani mussa, wani kule, namijin kuma muzuru. Yawan sunayen nan shaida ne na daɗewar zamanmu da ita. Amma abin takaici, ranar da ta tsufa ta fara susa, gashinta ya soma zubewa, sai zaman ya ƙare. Wasu su saka ta a buhu su kai ta bayan gari, wasu ma su ce ai dama mayya ce. Waɗanda suka ji tausayinta kuwa, sau da yawa su ne ke ƙarasa ta da maganin da suka ɗauka araha ne.

Ra'ayina a wannan maƙala shi ne, babu magani mai araha kamar sanin musabbabin ciwo, babu kuma mai tsada kamar kirdado. Zan yi ƙoƙarin nuna wa 'yan uwana ɗalibai dalilina.

Da farko, lasar jiki ɗabi'ar kyanwa ce. Harshenta na da 'yan ƙayoyi masu kama da haƙoran mataji, da su take wanka da taje gashi. Ana cewa lasa ta wuce kima idan aka ga sanƙo a cikinta ko cinyoyinta ko gindin wutsiya, ko ƙuraje masu ɓawo a wuya da gadon baya. Mutane kan ce gashin zubewa yake yi, alhali mafi yawan lokuta ita ce ke karya shi da harshenta, musamman da dare inda ba mai gani.

Babban mai laifi shi ne ƙuma. Na sha jin masu kyanwa suna rantsuwa cewa ba su taɓa ganin ko ɗaya a jikinta ba. Gaskiya suka faɗa, domin haɗiye su take yi tana lasa. Kyanwar da jikinta bai jitu da miyaun ƙuma ba, cizo kaɗan ya isa ya hana ta sukuni kwana da kwanaki. Gwajin wannan ba ya cin ko sisi. A taje bayanta da mataji mai ƙananan haƙora, a karkaɗe a kan farar takarda mai laima. Idan baƙaƙen ɗigon da suka faɗo suka narke suka koma ja, to kashin ƙuma ne, wato jinin da ta sha.

Tamatar ƙuma kan saka ƙwai har 50 a rana, kuma kimanin kashi 95 cikin 100 na zuriyarta ba a jikin dabba suke ba, suna cikin tabarma da darduma da tsummokara da tsagar daɓe. A nan kudancin ƙasa, inda zafi da laima suka haɗu, ƙwai kan zama babbar ƙuma cikin mako 2 zuwa 3. Don haka wanda ya yi magani sau ɗaya ya tsaya, ya yi zubar da kuɗi ne kawai. Abin da ya dace shi ne maganin ɗigawa a ƙeya wanda aka yi musamman don kyanwa, irin mai sinadarin fifronil ko selamektin, kowane wata har aƙalla wata 3, ga duk kyanwowin gidan, kare ma a ba shi nasa. A haɗa da shara kullum, da wanke shimfiɗarta da ruwan zafi a shanya a rana. Tsintsiya da rana ba sa neman kuɗi.

Sai dai tsohuwar kyanwa, wadda ta haura shekara 10, tana da nata lamarin daban. Ba kowace lasa ce ƙaiƙayi ba, wata ciwo ce. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2002, an duba hotunan ƙashin kyanwowi 100 da suka wuce shekara 12, aka tarar 90 daga cikinsu na da alamun lalacewar gaɓɓai. Kyanwa ba ta da bakin kuka, sai ta riƙa lasar inda ke mata zogi. Idan sanƙon yana daidai kan gaɓa, ga shi ta daina hawa katanga, a yi zargin amosanin gaɓɓai. Idan ƙasan mara take lasa tana yawan tsugunnawa, a yi tunanin mafitsara. Idan tana ci kamar gara amma tana ramewa, ga yawan shan ruwa, wannan sai gwajin jini, domin cutar maƙoƙon tayirod da ciwon suga sun fi kama tsofaffi. Shin wane man shafawa ne zai warkar da ɗaya daga cikin waɗannan?

Akwai kuma masu cewa damuwa ce kawai ke sa ta lasa. Haƙiƙa ƙaura ko zuwan baƙuwar dabba kan tayar mata da hankali. To amma a 2006 likitoci a Kanada sun binciki kyanwowi 21 da aka ce damuwa ce ta sa su sanƙo, suka gano 16 ciwon jiki ne ke damun su, 2 ne kaɗai matsalarsu ta tsaya ga damuwa, sauran 3 suka haɗa duka biyun. Ke nan damuwa ita ce abin zargi na ƙarshe.

Yanzu bari in juya ga magungunan da ake kira na araha. Farasitamol da muke sha kamar gyaɗa, ƙwaya ɗaya na iya kashe kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi. Maganin ƙuma na kare mai sinadarin fametirin kan sa ta karkarwa da farfaɗiya har ta mutu. Fiya-fiya da kananzir da baƙin mai, duk abin da aka shafa mata daga cikinsu cikinta zai ƙare, tun da lashewa za ta yi. Ko Dettol da muke wanka da shi bai dace da ita ba. Ƙwayar deksa da ake saya a kyamis kuwa takan kwantar da susa nan take, shi ya sa ake yabon ta, amma tana ɓoye ainihin ciwon, kuma ga tsohuwa tana iya jawo ciwon suga. Masu iya magana sun ce araha ba ta ado.

Na san wani zai ce, ɗalibin da ke lissafin garin kwakinsa ina ya ga kuɗin likitan kyanwa? Tambaya ce mai nauyi, ba na raina ta. Amsata ita ce a tara kuɗin magunguna uku ko huɗu da aka saya da ka, a gwada da kuɗin ganin likita sau ɗaya. Akwai asibitocin dabbobi na gwamnatocin jihohi, akwai kuma asibitocin koyarwa na jami'o'i irin su Ibadan da Nsukka da Abeokuta da Zariya. A je da bayani a hannu: yaushe abin ya fara, me take ci, me aka riga aka ba ta. A kuma faɗa wa likita ƙarfin aljihu ba tare da kunya ba, ya fara da gwajin da ya fi muhimmanci. Kankaro 'yar fata a duba a madubin likita ya isa ya tona ƙazuwa.

Wani dalilin da ya sa ba na ganin wannan a matsayin almubazzaranci shi ne lafiyarmu. Makero na tashi daga kyanwa ya kama mutum, musamman yaran da ke ɗaukar ta. Ƙuma ma ba ta san bambancin ƙafar mage da ta maigida ba. Wanda ya ƙi biyan kuɗin ɗaya, yana iya biyan na mutum biyar.

Idan an kawar da ƙuma da ƙazuwa da makero amma susa ta ci gaba, sai a duba kwanon abinci. Naman sa da kifi da kaza suna cikin abubuwan da jikin wasu kyanwowi ke ƙi. Da shawarar likita, a ba ta nau'in nama ɗaya da ba ta saba ci ba, kamar na zomo, tsawon mako 8, ba gishiri, ba albasa ko tafarnuwa, domin waɗannan biyun guba ne gare ta. Kafin nan, a rage mata tsinin farce, a sa mata 'yar rigar jariri ko a yanka kwali kamar mazurari a ɗaura mata a wuya don miki ya samu ya kame. A kai mata shimfiɗa mai laushi ƙasa, musamman da hunturu, a riƙa taje mata inda tsufa ya hana ta kaiwa.

A ƙarshe, ya kai mai karatu, dabbar da ta shekara goma tana tsare maka buhun hatsi da littattafai daga ɓera ta cancanci fiye da buhu da bayan gari. Ba na kira ga kowa ya ci bashi. Kirana shi ne a bi mataki-mataki: mataji da takarda, sannan maganin ƙuma na wata 3, likita kuwa ba tare da jira ba idan ana rama ko miki ko alamar zogi. Rashin sani ya fi dare duhu. Allah Ya sa mu zama masu tausayin abin da ke ƙarƙashinmu, amin.