Canja Ƙwayar Hoto a Tsofaffin Na'urorin Wasa: Gyara Ko Ɓarna?

Daga cikin na'urorin wasan talabijin da suka yi tashe a ƙarshen ƙarni na 20, kaɗan ne suka kai Mega Drive farin jini, watau wadda kamfanin Sega ya fitar a Japan a 1988, sa'an nan ta shiga Amurka a 1989 da sunan Genesis. A cikinta akwai wata 'yar ƙwayar lantarki mai ƙafa 24, wadda aikinta shi ne ta karɓi launuka uku, ja da kore da shuɗi, ta cuɗa su wuri guda, ta miƙa wa talabijin ta waya ɗaya. Ƙirar farko ta zo da CXA1145 ta kamfanin Sony. A ƙira ta biyu kuwa akan tarar da ita, ko CXA1645, ko MB3514 ta Fujitsu, ko KA2195D ta Samsung, wadda masu gyara suka fi yi wa tsiya saboda dusashewar hotonta.

Ba wanda zai ga laifin mai gyaran da ya cire ƙwayar da ta mutu ya dasa irinta. Haka nan wanda ya ɗebe ta Samsung ya sa ta Sony bai yi ɓarna ba, tun da yake Sega da kanta ta sayar da na'urar da kowaccensu. Inda gizo ke saƙa shi ne ɗabi'ar nan ta kewaye ƙwayar baki ɗaya, a janyo launukan uku kai tsaye, wai don hoto ya fito tangaram.

Abin lura a nan shi ne, na'urar tana da launuka 512, amma ba ta nuna fiye da 61 a lokaci guda sai da dabara. Saboda haka masu zanen wasanni sukan jera launi biyu ratsi-ratsi, sun kuwa san cewa wayar nan guda za ta narkar da su su zama launi na uku. A wasan Sonic the Hedgehog na 1991, ruwan da ke gangarowa daga dutse a matakin farko ratsi ne kawai a tsaitsaye. Dusashewar ce ke mayar da shi ruwa garai-garai, har ana hangen abin da ke bayansa. In aka kawar da ita, sai ruwan ya koma kamar asabari. An tafi neman gira an rasa ido ke nan.

Masu wancan ra'ayi suna da hujja, domin na'urorin da aka sayar a Faransa da launuka uku a rarrabe suke aiki, yaran can kuwa ratsin suka gani. To, amma wannan larurar talabijin ɗin ƙasar ce ta jawo shi, alhali akasarin masu wasa a Japan da Amurka narkakken hoto suka sani.

Har ila yau akwai batun inda ake samo ƙwayoyin. An daɗe da daina ƙera CXA1145, don haka wadda ke kasuwa ko dai ragowar tsohon kaya ce, ko an ɓamɓaro ta daga wata na'ura, kamar Master System ko Amiga 600. Idan daga matacciya aka ciro ta, madalla. Amma wanda ya farke lafiyayyiya don ya ƙawata tasa ya rage adadin abin da ba za a sake ƙerawa ba. Ga shi kuma layukan tagulla na allon da ya haura shekara 30 ba su jure zafin narka dalma sau da yawa, sukan ɗago su tsinke.