Tulun-Ƙwari: Shukar da Takin Zamani Ke Kashewa

Ɗan'uwa manomi, idan kana cikin masu lambu a bakin kogin Ngadda, ko masu rainon dashen itatuwa da furanni a Gwange da kewayenta, ba mamaki wani yaro ya riga ya nuna maka hoton wata shuka a waya. Ganyenta dogo ne, a ƙarshen kowane ganye akwai wani ɗan zare, a ƙarshen zaren kuma ga wani abu yana reto kamar tulu, har da murfi. Masu tallarta a intanet sukan ce tana cinye sauro. Masana suna kiran danginta Nepenthes. Tun da ba a ƙasarmu take tsirowa ba, bari mu laƙaba mata suna tulun-ƙwari.

Ra'ayinmu a kanta shi ne: shuka ce da ta cancanci mai sha'awa ya raine ta, kuma za ta iya rayuwa a Maiduguri a hannun mai haƙuri. Amma ba maganin sauro ba ce, ba kuma hanyar samun kuɗin gaggawa ba ce. Wanda ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumba 2024 ta shafe masa lambu, yake ta faman mayar da jari, bai kamata ya zuba kuɗinsa a cikinta ba sai ya san abin da take bukata, domin kusan duk abin da hannunsa ya saba yi wa shuka, ita kashe ta yake yi.

Me ya sa take cin ƙwari?

Gidanta na asali shi ne kudu maso gabashin Asiya, musamman tsibiran Borniyo da Sumatara da ƙasar Filifin, sai 'yan kaɗan a Madagaska da Indiya da arewacin Ostareliya. Ire-irenta sun haura 150. A yawancin waɗannan wurare ruwan sama yana da yawa, ya wanke ƙasa tas har babu sauran abincin shuka a cikinta, musamman sinadarin naitirojin, wanda kai kake saye a buhun yuriya.

Ka san yadda tsirrai ke fama da wannan talauci a gonarka. Wake da gyaɗa da gawo sun ƙulla amana da wasu ƙananan halittu a saiwoyinsu, suna samo musu naitirojin daga iska. Ƙuduji, wato wuta-wuta, ya zaɓi sata, yana tsotse gero da dawa ta ƙarƙashin ƙasa. Ita kuwa tulun-ƙwari farauta ta zaɓa. Bakin tulun yana fitar da wani ruwa mai zaƙi, tururuwa da ƙuda su zo lasa, santsi ya kwashe su su faɗa ciki. A ƙasan tulun akwai ruwa mai narkar da nama kamar na cikin tumbi. Masanin tsirrai na Ingila Joseph Hooker ya nuna haka a 1874, abokinsa Charles Darwin kuma ya fitar da littafi sukutum a kan tsirrai masu cin ƙwari a 1875. Wata iri ta dutsen Kinabalu a Borniyo, mai suna Nepenthes rajah, tulunta yakan ɗauki fiye da lita 3, har akan tarar da ɓera a ciki. Wata kuma ta bar farauta, ta mai da tulunta masai: wata 'yar dabba mai kama da kurege takan hau ta sha zaƙin murfi, ta yi kashi a ciki, shukar ta samu taki.

Kada ka ɗauka irin wannan hikima ta tsaya a Asiya. A ruwan Tafkin Chadi da tafkunan damina akwai wata ciyawa mai suna Utricularia, marar saiwa, mai ƙananan furanni rawaya a saman ruwa. Jikinta cike yake da 'yan jakunkuna da ba su wuce ƙwayar gero ba, suna zuƙe ƙananan halittun ruwa cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Masunta sun sha ture ta da kwalekwale ba tare da sanin mafarauciya ba ce.

Batun sauro

Nan ne maganar ta wuce ta sha'awa. Macen sauro mai kawo zazzaɓin cizon sauro numfashin mutum da warin jikinsa take bi da dare. Tulu ashirin a tsakar gida ba za su janye ta daga ɗakin 'ya'yanka ba. Mafi yawan abin da ake samu a cikin tulun tururuwa ce. Ƙari a kan haka, a can Asiya akwai ire-iren sauro da ke zuba ƙwai a cikin ruwan tulun, tsutsotsinsu su girma lafiya lau ba tare da sun narke ba. Nijeriya ita kaɗai tana ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da wannan zazzaɓi a duniya, unguwar da ke bakin kogi kuwa ta fi kowa sanin haka. Duk wanda ya sa magidanci ya naɗe gidan sauro saboda wata shuka, ya cuce shi. Mai sayar da dashe da ya yi wannan talla ya ci amana, ko da bai sani ba.

Ruwa shi ne babbar jarrabawa

Saiwar tulun-ƙwari siririya ce, baƙa, mai saurin karyewa, kuma ba ta jure gishirin da ke narke a cikin ruwa. Ruwan rijiyar burtsatse da na 'yan garuwa yakan ɗauko sinadarai daga ƙarƙashin ƙasa. Duba cikin butar shayinka: idan farin ɓawo ya daskare a gindinta, shi ne zai taru a tukunyar shukar a hankali har ganye ya fara ƙonewa daga baki. Tafasa ruwan ba ya raba shi da gishiri, haka ma tace shi da ƙyalle. Masu kiwonta suna auna ruwa da wani ɗan ma'auni mai kama da alƙalami, suna neman lambar da ba ta haura 100 ba, in son samu ne ƙasa da 50.

Mafita ita ce ruwan sama, kuma lissafinsa ba wuya. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 na rufin kwano lita 1 ne. Ke nan ɗaki mai rufin murabba'in mita 20 zai cika maka duro mai lita 200 da ruwan milimita 10 kacal. Ka bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye, sannan ka tara. Mu ƙaddara tukunya ɗaya tana shan rubu'in lita kullum; a watanni 8 na rani za ta sha kimanin lita 60, wato jarka 3. Duro ɗaya zai riƙe tukwane 3. Ka rufe duron ruf, kada neman shukar sha'awa ya zama kiwon sauro. Ruwan da ke ɗiga daga na'urar sanyaya ɗaki shi ma yana yi. Haka tataccen ruwan da ake ƙara wa batir, amma ka tabbatar da bakin mai shago cewa marar asid ne, domin duka biyun "ruwan batir" ake ce musu. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai tara ruwa a Agusta ba, kada ya sayi shukar a Nuwamba.

Ƙasar lambu ba ta shiga tukunyarta, komai kyanta. Ana amfani da ɓawon kwakwa da aka daddatsa, a jiƙa shi kwana da kwanaki ana sauya ruwa har gishirinsa ya fita, a gauraya da ƙonanniyar ƙaiƙayin shinkafa da aka wanke. Tukunyar roba mai huji da yawa ta fi. Abin da ake so shi ne danshi a kowane lokaci, ba tare da saiwa ta kwana cikin ruwa ba.

Haske da zafi

A nan Allah ya sauƙaƙa mana abu ɗaya. Turawa suna kashe kuɗi a kan fitilu saboda ranarsu tana gajarta da hunturu. A Maiduguri tsawon yini bai cika nisa da awa 12 ba duk shekara, daidai da na gidanta na asali. Saboda haka, a ganinmu, sayen fitila domin ita ɓarnar kuɗi ce, balle a garin da ya ɗanɗani dogon duhu bayan lalata turakun wutar lantarki a 2021. Sai fa wanda ba shi da tsakar gida, dole ya ajiye ta a ɗaki. Shi farar fitila ta zamani marar zafi za ta ishe shi, awa 12 zuwa 14, a tazarar kamu ɗaya da rabi daga ganye.

Damuwarmu ita ce ranar ta yi yawa. Ka ajiye ta inda hantsi zai same ta zuwa ƙarfe 9 ko 10, daga nan inuwa mai haske. Gefen gabas na inuwar darbejiya ya dace, tsakiyar inuwar kuwa ta yi duhu. Ganyen zai gaya maka gaskiya. Idan ya yi fāɗi, ya yi kore shar, amma zaren ƙarshensa ya bushe bai zama tulu ba, haske ko danshin iska ya gaza. Idan ya ɗan yi ja-ja, ta ji daɗi. Idan tabo rawaya ko fari ya fito a tsakiyarsa, rana ta ƙone shi.

Ire-iren da ke fitowa daga ƙasa-ƙasa mai zafi, irin su Nepenthes mirabilis, da kuma haɗin-aure mai suna ventrata da ya fi yawa a kasuwannin duniya, su ne za su iya da mu. Na kan tsaunuka suna bukatar dare mai sanyi duk shekara. 'Yan'uwansu na Amurka, wato Sarracenia da ƙaramar nan mai datse ƙuda kamar tarko, sai sun yi barcin hunturu na wata 3 zuwa 4, don haka ka manta da su.

Damina ce lokacin jin daɗinta. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu tana busar da tulu cikin kwanaki, dare kuma yakan yi sanyin da ke tsayar da girmanta, sai a shigar da ita ɗaki. A Afrilu da Mayu zafi yakan haura digiri 40. Dabarar da ta fi dacewa tamu ce ta gida: randa a cikin randa da jiƙaƙƙen rairayi a tsakani, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Ka zura tukunyar robar a cikin ƙaramar randar, saiwa ta samu sanyi, ganye ya samu danshi. Rairayin kana iya jiƙa shi da ruwan burtsatse, tun da bai taɓa saiwa ba. Ka kewaye ta da jiƙaƙƙen buhu ta ɓangaren da iska ke kaɗawa. Amma kada ka ɗaure ta cikin leda a rana, za ta dahu kamar alala.

Taki

Ga inda ƙwararren mai lambu ya fi sabon shiga haɗari. Da ka ga shuka ta yi jinkirin girma, hannunka zai kai ga kamfa ko yuriya ko kashin kaji. Ɗan tsunkule ɗaya a tukunyar tulun-ƙwari ya isa ya janye ruwa daga saiwarta, kamar yadda gishiri ke janye ruwa daga yankakken tumatir. Wadda ta tsira kuma takan rage yin tulu, domin ta ƙoshi ba ta da dalilin farauta, kai kuwa tulun ka saya. Toka ma guba ce gare ta.

Shukar da ke waje ba ta bukatar ka ciyar da ita, tururuwar Gwange ta ishe ta. Ta cikin ɗaki ce ake jefa wa ƙwaro ɗaya ko biyu a kowane tulu, sau ɗaya ko biyu a wata: ƙuda, gara, ko shingen farkon damina. Kada ƙwaron ya wuce kashi ɗaya cikin uku na girman tulun, in ba haka ba zai ruɓe ya ruɓar da shi. Ban da nama, ban da madara, ban da ƙwaron da fiya-fiya ta kashe. Yara su ne masu wannan aika-aika, sai a ja musu kunne, a kuma hana su zubar da ruwan cikin tulun.

Gaskiya ne cewa manyan masu kiwonta suna yin amfani da taki. Sukan narkar da takin furanni a kan rubu'in ƙarfin da aka rubuta a kwalba, su fesa a ganye ko su ɗiga a tulu sau ɗaya a wata, sannan su kwarara wa tukunyar ruwa mai tsabta. Wannan aikin wanda ya shekara da shukar ne har ya san halinta.

Darasin nan ya wuce tukunya ɗaya, shi ya sa muke ganin makarantun sakandare da ƙungiyoyin matasa manoma sun fi kowa dacewa da ita. Yaron da ya ga taki ya kashe shuka da idonsa zai fahimci dalilin da malamin gona ke cewa a binne yuriya nesa da gindin masara, kada a zuba taki a busasshiyar ƙasa, a kuma bi awo.

Kafin ka saya

Ka guji "iri" da ake tallatawa a intanet da hotunan tulu masu launin shuɗi. Da yawansu ba na wannan shuka ba ne. Irin gaskiya siriri ne kamar zare, yana saurin mutuwa, kuma sai an shekara 2 zuwa 3 ana rainonsa kafin ya zama abin kallo. Dashe mai rai ya fi, wanda aka raina a gidan raino. Dukkan dangin Nepenthes suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda Nijeriya ta sa wa hannu, domin masu tonowa daga daji sun kusa ƙarar da wasu ire-iren. Shigo da shuka mai rai daga waje kuma yana bukatar izinin hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, tare da takardar shaidar lafiyar shuka daga ƙasar da ta fito.

Ka fara da tukunya ɗaya, a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, don ta samu watanni 3 na damina ta kafu kafin iska ta juya. Tulun da ta zo da su za su bushe saboda wahalar hanya, wannan ba mutuwa ba ce. Sabon ganye na uku ko na huɗu za ka zuba wa ido. Idan ta ƙetare Afrilu da Mayu da ranta, ta kuma miƙe ta yi tsawo, sai ka yanki reshe mai gaɓa 2 ko 3 a damina ta gaba, ka rage rabin kowane ganye, ka soka shi a jiƙaƙƙen ɓawon kwakwa a inuwa. Saiwa takan fito cikin wata 1 zuwa 3.