Jan Kunne Ga Masu Kafa Shagon Walda

Zuwa ga Edita,

Ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in ja kunnen 'yan uwana masu shirin kafa shagon walda a ƙofar gida.

Da zan kafa nawa, rumfar kwano da injin walda kawai na lissafa, na manta da wuta. Lantarki sai ya ga dama yake zuwa. Da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500. In na ƙera ƙofa, janareta ke cinye ribar, mai ƙofa kuma ba ya ƙara ko kwabo.

Jama'a, ku fara lissafin mai kafin kwano. Mu uku a layinmu janareta ɗaya muka haɗa, kowa da lokacinsa.

Naku,
Mai walda, Funtuwa.