Ra'ayinmu: Yaran Shasha, jarrabawar lissafi da sifilin da ke cikin kasafi

Duk wanda ya taɓa shiga Kasuwar Shasha da ke Ƙaramar Hukumar Akinyele a Ibadan da sanyin safiya, lokacin da ake sauke tumatir da tattasai da albasa daga motocin Arewa, ya ga yadda yara 'yan shekara goma sha uku ke lissafi da ka. A ce mota ta kawo kwando 400, kowane kwando a kan naira 45,000. Kafin babba ya laluba wayarsa, yaron ya ce miliyan 18. Wannan yaro, idan aka zaunar da shi a aji biyu na ƙaramar sakandare aka ce ya rubuta adadin a taƙaice, wato 1.8 × 10⁷, sai ya yi tsuru-tsuru, a ba shi sifili, a kuma rubuta a takardar sakamakonsa cewa lissafi ya fi ƙarfinsa.

A ganinmu, ma'aunin da ake auna shi da shi ne ya kamata a fara tuhuma.

Manhajar da Hukumar NERDC ta tsara ta sa darussa uku masu alaƙa da juna a ƙaramar sakandare: ninka lamba da kanta sau da yawa, nemo tushen lamba, da taƙaita doguwar lamba ta hanyar goma-goma, abin da malamai ke kira standad fom. A ƙarshen aji uku ɗalibi zai gamu da su a jarrabawar BECE, wadda Hukumar NECO ke shiryawa, jihohi kuma, har da Oyo, suke da tasu. Darussan ba su da aibi. Matsalar tana ga irin tambayar da ake yi a kansu, musamman a gwajin wata-wata da na ƙarshen zango, inda malami mai ɗalibai sun fi ƙarfinsa yake fakewa da tambayoyin zaɓi-amsa domin sun fi sauƙin dubawa.

Irin wannan tambaya ba ta faɗa wa kowa inda yaro ya ɓace. Ɗalibin da aka tambaya 2³ ya ce 6 maimakon 8 ya ɗauka ana nufin biyu sau uku ne, alhali ana nufin biyu sau biyu sau biyu. Wannan kuskure ne mai suna, ana kuma gyara shi cikin minti goma idan an gane shi. Amma a takardar zaɓi-amsa, shi da wanda bai karanta tambayar ba da wanda Turancin ya kayar, makinsu ɗaya. Wanda ya rufe ido ya yi canki-canka kuwa yana da damar dacewa sau ɗaya cikin huɗu ko biyar. Haka tushen lamba. Yaron da ya haddace cewa tushen 144 shi ne 12 zai ci maki, ko da bai san cewa fili mai kusurwa huɗu daidai wanda faɗinsa ya kai murabba'in mita 144 yana da mita 12 a kowane gefe ba. Da za a tambaye shi tsakanin waɗanne lambobi tushen 50 ya faɗa, a ce ya kawo hujja, nan take za a bambance mai fahimta da mai hadda, domin amsar tana tsakanin 7 da 8, kuma ta fi kusa da 7 tunda 49 na dab da 50.

Sai batun harshe. Hausawa sun haura shekara ɗari a Sabon Ibadan, kuma yaron Sabo ko na Shasha yakan tashi da Hausa a gida, Yarbanci a layi da kasuwa, Turanci a aji. A watan Nuwamban 2025 Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya sanar da soke manufar 2022 ta koyarwa da harshen uwa, aka koma Turanci tun daga tushe. Ko mutum ya goyi bayan matakin ko bai goya ba, ya ɗora wa masu tsara jarrabawa wani nauyi: su tabbata tambayar lissafi tana auna lissafi, doguwar jimlar Turanci ba ta tare wa yaro hanya ba. Mu tuna kuma cewa rikicin watan Fabrairun 2021, wanda ya ƙone shaguna da gidaje a Shasha, ya tarwatsa iyalai da dama, kuma darasi irin wannan, da ake ɗora shi a kan na baya, ba ya yafe wa wanda ya rasa zango guda.

Mai karatu a sakatariyar tarayya zai iya cewa ina ruwansa da aji biyu na wata makaranta a Akinyele. Ruwansa yana kan teburinsa. Kasafin 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu ya kai naira tiriliyan 54.99, wato kusan 5.5 × 10¹³. Daƙiƙa miliyan ɗaya ba ta cika kwana 12 ba. Daƙiƙa biliyan ɗaya ta kusa shekara 32. Tiriliyan ɗaya kuwa ta haura shekara 31,000. Bambancin da ke tsakaninsu sifili uku-uku ne kawai a takarda, kuma duk wanda ya taɓa duba takardun ofis ya san yadda miliyan ke rikiɗewa ta zama biliyan a hannun mai buga rubutu, ta wuce tebur uku ba wanda ya ɗaga gira. Ido mai gane girman adadi, a ƙaramar sakandare ake horar da shi. Shi ya sa muhawarar da ta tashi a Oktoban 2025, kan cire sharaɗin cin lissafi ga masu neman fannonin adabi a manyan makarantu, ta ƙara wa wannan mataki muhimmanci: ga yara da yawa, abin da suka fahimta a nan shi ne jarinsu.

Muna kira ga NECO da Ma'aikatar Ilimi ta Jihar Oyo su ƙara nauyin tambayoyin da ke buƙatar ɗalibi ya nuna matakan aikinsa, a ba shi maki a kan hanya ko da ya yi tuntuɓe a ƙarshe, a kuma shigar da kintace da kwatanta girman lambobi, da misalai daga kuɗi da awo da yaro ya sani. Hukumar UBEC, wadda dokar 2004 ta ware mata kashi biyu cikin ɗari na asusun kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, tana da kason horar da malamai. A sa koyon tsara tambaya da karanta kuskuren ɗalibi a cikinsa. Shugabannin Hausawan Shasha da Sabo su ma da nasu: idan yaro ya kawo sakamako, a nemi ganin takardar amsarsa, a tambayi malami a ina ya kuskure.