Nasiha ga Masu Ciwon Suga da Hawan Jini

Ya ku malamai da almajirai, ku sani mutum in ya wuce shekara 40, sau da yawa suga da hawan jini su kan taru ga jikinai, ƙoda ta biyo baya. Shi taso daga Augie zuwa Argungu, ko Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, likita shi duba shi ɗan lokaci, sauran kwanakin wata shi kaɗai da ciwonai.

Don haka munka yaba da masu lalura da ka haɗa zaure cikin WhatsApp. Wanda bai iya boko ba shi aika murya. Suna tuna ma juna ranar asibiti, da rage gishiri, da awon tuwon shinkafa, mu da shinkafa ta cika muna fadama, da duba ƙafa kullum, domin mai suga shi kan taka ƙaya bai ji ba.

Amma akwai ɓarna guda. Wani shi ce diclofenac ya kashe mishi ciwon gwiwa, ɗan'uwanai mai raunin ƙoda shi saya, alhali wannan magani na cutar ƙoda, yana kuma ɗaga jini. Wani shi bar ƙwayatai don an yabi jiƙo.

To, kowane zaure shi sa ma'aikacin lafiya ciki. Sunan magani duk da anka ambata, kada a saya sai shi ya amsa. Zancen azumin mai allurar insulin kuwa, a kai shi ga likita tun Sha'aban. Wassalamu.