Kafin Mu Rubuta Cewa An Kayar Da Einstein

Maƙalarmu ta wannan makon ta ɗan leƙa sararin samaniya, amma a kan alƙalaminmu za ta sauka.

Lokaci zuwa lokaci mukan ci karo da labarin wai wani masani ya rushe ka'idar Einstein ta ƙarfin jan da ke riƙe da taurari. Sai mu yi wuf mu juya shi zuwa Hausa, mu watsa. A ganinmu wannan gaggawar tana cutar mai karatu, domin shi ya yarda da mu.

Neman wata ka'idar ba laifi ba ne. Einstein ma haka ya yi wa Newton a 1915. Tun 1859 Le Verrier na Faransa ya lura duniyar Makyuri tana ɗan kauce wa lissafin Newton, har ya zaci wata ɓoyayyiyar duniya ce ke janta. An nema, ba a gani ba. Ka'idar Einstein ce ta ba da adadin kaucewar daidai, kuma ba ta zubar da abin da Newton ya dace a kai ba.

Daga nan sai aikin warware lissafin tsaf, ba kintace ba. Karl Schwarzschild, yana sojan Jamus a fagen yaƙi da Rasha, ya fitar da cikakkiyar amsa ga dunƙulallen tauraron da ba ya juyawa. An buga ta a 1916, shekarar da ya rasu. Ta mai juyawa kuwa sai 1963 Roy Kerr ya samo ta. Shekara 47 ana jiran amsa guda!

Masu sabbin ka'idoji ma ba wasa suke ba. Brans da Dicke sun kawo tasu a 1961. Milgrom ya kawo tasa a 1983, don bayyana dalilin da taurarin gefen gungu suke gudu fiye da yadda lissafi ya nuna. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai. Ranar 17 ga Agusta, 2017, girgizar sarari da haske daga karon taurari biyu suka iso duniya, tazararsu ba ta kai daƙiƙa biyu ba, bayan tafiyar shekara kusan miliyan 130. Ka'idoji da dama da suka ce gudunsu zai bambanta, a nan suka faɗi.

Don haka kafin mu rubuta, mu tambayi labarin abu uku. Sabuwar ka'idar ta bayyana abin da tsohuwar ta bayyana? An warware lissafinta? Wane gwaji ta tsallake? In babu amsa, mu rubuta “an kawo shawara”, kada mu rubuta “an gano”. Yaron da ya fara karanta kimiyya da Hausa daga hannunmu, abin da muka ba shi zai riƙe.

Muna jiran gyaranku. Allah ya ƙara basira.